Tambayar Shinshina

Malama Ina-Hujja ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. Yaro ya tashi a aji ya ce manomin cikin labarin nan rowa gare shi, sai ta ce, “Ina hujja?” Ya ce an sace masa biro, ina hujja? Har mai gadi, ranar da ya ce mata yau kam za a yi ruwa, bakinta ya riga ta, ta nemi hujja, bawan Allah ya ɗaga hannu ya nuna mata sama. Shekara ashirin da uku tana riƙe da aji shida, ajin da ke zana jarrabawar fita daga firamare, kuma a wannan shekarar saura mako shida a zana. Yara arba'in da ɗaya gare ta. Ta san mai bin layi da yatsa, ta san mai motsa baki, ta san wanda ke zura wa takarda ido kawai yana jiran a buga ƙararrawa.

A saman allonta akwai wani kwali da ya sha rana har ya koɗe, ta rubuta abu huɗu a jikinsa da manyan baƙaƙe. A wurinta, duk tambayar da za a yi wa mutum a kan abin da ya karanta ba ta wuce ɗayan huɗun nan. Ta farko tambayar tsinto: amsar tana nan kwance a layi, ka ɗora mata yatsa ka ɗauka. Ta biyu tambayar haɗa: rabin amsar a sama, rabi can ƙasa, kamar takalmin yaro, ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a bakin famfo. Ta uku ita ce 'yar lelenta, tambayar shinshina, wadda marubuci bai faɗi amsarta ba amma ya bar warinta a cikin kalmominsa. In labari ya ce mutum ya shigo yana kakkaɓe lema, ba sai an gaya maka ana ruwa ba. Ta huɗun kuwa “kai fa?” take ce mata, wato ra'ayinka, kuma ko shi ba a kawo mata shi hannu rabbana. Amsa tambaya kaɗai ba ya isarta, sai ta sa yara sun ƙirƙiro tambayoyin da kansu. Duk wanda ya ƙirƙiro ta shinshina mai kyau, tauraro take zana masa da jan biro a littafinsa, kuma tauraron nan tsada gare shi, akwai yaran da suka gama ajin ba su samu ko ɗaya ba.

To, a farkon zangon nan aka kawo wani sabon malami, matashi, kullum cikin farar riga da ta sha guga. Ya zo da wata dabara da ya ce a taron ƙara wa juna sani ya samo ta: kama kalma, kwafe jimla. Ka dubi tambaya, ka kama kalmar da ta fi girma, ka nemo ta a cikin labari, ka kwafe jimlar da take ciki, shi ke nan an gama. Karanta labarin ma, in ji shi, ɓata lokaci ne. Malamai ba su yi mako guda ba suka laƙaba masa Gajeriyar-Hanya. Aji biyar aka ba shi, kuma a gwajin tsakiyar zango yaransa suka kwashi maki kamar me. Yo ba dole ba? Shi ya tsara tambayoyin, kuma daga ta ɗaya har ta goma duk na tsinto ne.

Shugaban makarantar, wanda ake ce wa Ba-Komai a bayan idonsa don ko rufin aji ne ya rufto za ka ji ya ce ba komai, ya ga maki ya ruɗe. A taron malamai ya kawo shawara wai ko aji shida ma za su gwada dabarar. Malama ba ta bari ya rufe baki ba.

“Ranka ya daɗe, wannan ba karatu ba ne, tsintar kwalba ce a bola. Masu tsara jarrabawa ba wawaye ba ne, a tambaya goma sai ka tarar huɗu na shinshina ne. Kuma a bar ma maganar jarrabawa. Yaron da bai iya jin abin da ba a faɗa masa da baki ba, wallahi duniya ƙwallo za ta yi da shi.”

Gajeriyar-Hanya ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Shugaba ya yi murmushin nan nasa. “Ba komai, Malama, za a duba.”

Bayan mako biyu, ranar Alhamis dab da tashi, sakatariya ta miƙa mata wata farar ambulan. A tsaye ta karanta, a bakin ofis. A saman takardar an sa ranar Laraba, a ƙasa kuma ga abin da ke ciki:

“Hukumar makaranta tana yaba miki bisa shekara ashirin da uku da kika yi kina ɗawainiya da aji shida. Saboda ƙwarewarki a fannin karatu, an zaɓe ki ki zama Shugabar Ɗakin Karatu daga ranar Litinin mai zuwa, domin ki ba da dukkan lokacinki wajen raya shi. Muna da tabbacin ɗaliban aji shida za su ci gaba da amfana da tubalin da kika aza.”

Dole a faɗi abin da ɗakin karatun nan yake a wurinta, in ba haka ba sai a ɗauka matar ba ta da wayo. Bango ɗaya ya raba shi da aji shida. An rubuta sunansa a ƙofa da shuɗin fenti, amma shekara tara kwaɗo ne a jikinsa, ba komai a ciki sai karyayyun bencina da kwalayen littattafai da ba a taɓa kwance igiyarsu ba. Wasiƙa shida ta rubuta tana roƙon a buɗe shi, duk shidan amsarsu guda, za a duba. Yau ga shi an duba. Idonta ya sauka a kan “yaba miki”, ya yi tsalle zuwa “ƙwarewarki”, ya dire a kan “Shugabar Ɗakin Karatu”, sauran kalmomin kuwa ta wuce su kamar yadda ake wuce maƙwabci in ana sauri. Kai, yabo mugun abu ne. Matar da ta shekara ashirin da uku tana koya wa 'ya'yan mutane shinshina, ta ninke takardar nan ta sa a jaka tana murmushi, hancinta bai jiyo komai ba.

Ta biya ta shagon mijinta, wanda ke gyaran agogo a bakin titinsu. Ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya goge hannu a gefen riga, ya bi wasiƙar da yatsa yana motsa baki, don shi a aji huɗu karatunsa ya tsaya. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ninke ta a hankali ya miƙa mata.

“To, Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

“Ka ji shi! Baban yara, mutum ya kawo maka abin murna ka yi masa addu'ar majinyaci? Shekara tara ina bin mabuɗin nan!”

“Haka ne,” ya ce, ya mayar da gilashinsa ya duƙa kan agogo.

Ranar Juma'a da safe injin kwafin ofis ya ƙi tashi, kamar yadda ya saba duk ranar da aka fi buƙatarsa. Labarin da ta shirya raba wa yara bai samu fitowa ba. Da ma akwai wasiƙar aiki a manhajar makon, sai ta ce ai ga wasiƙa a jaka, sabuwa ful. Gaskiya dai ba injin kaɗai ba ne, akwai son a sani a ciki. Ta rubuta wasiƙar a allo kalma da kalma, har da ranar da ke samanta, ta kakkaɓe alli daga hannunta, ta ce kowa ya ƙirƙiro tambaya.

Ta tsinto ba ta ba kowa wahala ba. Shekara nawa Malama ta yi a aji shida? Hannu ashirin a sama. Wani ɗan gajere da ake ce wa Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa, ya kawo ta haɗa: an rubuta wasiƙa Laraba, ga shi can sama, aiki zai fara Litinin, ga shi a tsakiya, kwana nawa ke tsakani? Aka ƙirga da yatsu aka samu biyar. Malama ta ji daɗi har ta ce a tafa masa.

“Saura ta shinshina. Wa ke son tauraro?”

Can sai wani hannu ya ɗago daga layin ƙarshe, rabi-rabi, gwiwar hannun ma ba ta bar benci ba. 'Yar Taga ce, wata siririyar yarinya da ke zama jikin taga. Zango biyu Malama ta yi tana lallaɓa yarinyar nan kafin ta soma ɗaga hannu, don in ta tashi magana sai ka matso kusa kafin ka ji. Ta miƙe da littafinta a hannu, ta karanto abin da ta rubuta.

“Wa zai koyar da aji shida ranar Litinin?”

Aji ya kwashe da dariya. Rediyo har da buga benci. Malama ma ta yi dariya ta ce, “Ni mana, ko kin gaji da ni ne?” Sai kuma baki ya yi abin da ya saba. “To, ina hujja?”

Yarinyar ta fito gaban allo tana jan ƙafa. Ta ɗora yatsa a kan “dukkan lokacinki”. “Malama, in dukkansa na ɗakin karatu ne, wanne ya rage mana?” Ta ɗaga yatsan zuwa layin farko. “Nan kuma sun ce shekarun da kika yi, ba su ce da kike yi ba.” Ta sauko ƙasa. “Nan sun ce tubalin da kika aza. Babana magini ne, in ya ce wane ya aza tubali, to wani daban ne ya ɗora sauran.”

Dariya ta ɗauke. Malama ta juya ta dubi allon, rubutun hannunta ne, ita ta zana kowane baƙi, kuma ga abin nan ɓaro-ɓaro a wuri uku. An kore ta daga ajinta, an yi mata lulluɓi da yabo, ita kuma ta ɗauko takardar korar ta kafa a allo tana sa yara tafi. Ido tamanin da biyu na kallonta. Kunya ta kama ta, kunyar ta rikiɗe ta zama fushi, fushin kuwa ya rasa wanda zai faɗa wa sai wanda ke kusa.

“Koma ki zauna! Wannan ba tambaya ba ce, rashin kunya ce. Wa ya ce ki yi mana duba?”

'Yar Taga ta koma wurinta ta rufe littafinta ta ɗora hannu biyu a kai. Malama ta ɗauki abin goge allo ta share wasiƙar da ƙarfi har ƙurar alli ta sa 'yan layin gaba tari. Sauran darasin dai an yi shi ne kawai, ita kanta ba ta san me ta koyar ba.

Ana buga ƙararrawar tara ta nufi ofis. Sakatariya ta ɗago za ta ce yana da aiki, ta ga fuskar Malama ta mayar da maganarta ciki. Shugaba na zaune bayan teburinsa, fanka na juyawa a samansa, ga kofin shayi a kan tarin fayil. Ta shimfiɗa masa wasiƙar a gaba.

“Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya na zo da ita, kuma ta tsinto ce. Wa ke da aji shida ranar Litinin?”

“Haba Malama, zauna mana. Ko ruwa...”

“Na ƙoshi. Wa ke da aji shida ranar Litinin?”

Ya jawo takardar ya gyara tabarau ya yi kamar yau ya fara ganinta. “To, ke ce gwanar karatu. Nuna min inda wasiƙar nan ta ce an cire ki.”

Ka ji mutum! Shi ya rubuta, shi ya sa hannu, yanzu kuma ya laɓe a bayan kalmominsa yana leƙenta. Dabarar Gajeriyar-Hanya ce ya ɗauko, ya kama kalma, bai same ta a takarda ba, don haka babu ita. Malama ta ji kamar ta ɗaga kofin shayin nan ta juye a kan fayilolin.

“Ba ta ce ba,” ta amsa.

“To kin gani.”

“Na gani. Tunda ba ta ce ba, Litinin ƙarfe takwas ina cikin ajina.”

Nan fa murmushinsa ya soma zamewa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ai ke ma kin san yadda abubuwa suke. Ya ce iyaye maki suke so su gani, bara makarantar da ke bayan tasha ta fi su yawan waɗanda suka ci, hukuma ta yi magana. Ya ce sabon malamin nan da za a ba ajin yana da sabon jini, kuma ita ma ai ta cancanci hutu. Ya ce mutunta ta aka yi, shi ya sa aka zaɓi kalmomi masu taushi.

“Mutunci? Ka naɗe min wuƙa a cikin takardar yabo, na ɗauka na kai gaban yara ina washe baki, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ta kwance min ita. Wannan ne mutunci? Da ka kira ni ka ce Malama mun gaji da ke, da na ji zafi sau ɗaya na haƙura. Shekara ashirin da uku, ban cancanci jimla ɗaya miƙaƙƙiya ba?”

Ko “ba komai” ɗin ma bai samu fitowa ba. Ita kuwa ta sauke murya, don ta tuna abin da ya kawo ta ba fansa ba ce.

“Mako shida kawai nake roƙo. Yaran nan yanzu suka fara jin warin abu a cikin rubutu. In ka ba su wanda zai ce musu kada su karanta labarin, za su shiga jarrabawa su tarar da tambaya huɗu da babu kalmar kamawa a cikinsu, su zauna suna kallon rufi. Bar ni in kai su bakin ƙofa. Bayan jarrabawa ka kai ni ko ɗakin ajiyar tsintsiya ne, wallahi ba za ka ji bakina ba.”

“Za a duba, Malama.”

“A duba. Amma in cire ni za ka yi, rubuta shi a fili yadda ɗan aji uku zai ɗora yatsa a kai, ka sa hannu. In ban ga haka ba, ina ajina.”

Ta ɗauki wasiƙarta ta fito tana ganin ta ɗaure shi. A ganinta mutumin da ya kasa faɗar abu da baki ba zai iya rubuta shi tsirara ya sa hannu ba.

Da ta biya shagon mijinta, ba ta ko yi sallama ba. “Ka gane tun jiya, ko?”

Ya ajiye ɗan sukundireban da ke hannunsa. “Tun layi na uku.”

“Shi ne ka yi shiru ka bar ni na je na yi abin kunya?”

“Maman yara, rabon da ki shigo shagon nan kina dariya irin ta jiya na manta. Na ce bari in bar miki ita ta kwana. Kuma ni da na tsaya a aji huɗu, ni ne zan koya wa Ina-Hujja karatu?”

Ta so ta yi masa faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ta zauna a kan bencin masu jiran gyara, agogo goma sha suna ta bugawa a bango kowanne da lokacinsa. Asabar da Lahadi ta yi su a kan teburin cin abinci tana shirya darussan mako shida, labari goma sha takwas, kowanne da tambayoyinsa kashi huɗu. Autarta ta zo neman wurin yin aikin gida ta ce ta je ta yi a kan gado.

Litinin ƙarfe bakwai da rabi ta shiga makaranta. Tun daga nesa ta hango kwalinta, an ciro shi daga saman allo an jingine a waje jikin bango, fuskarsa na kallon fili. A cikin aji Gajeriyar-Hanya ne ke goge allo, farar rigarsa na ɗaukar ido. A bakin ƙofa kuma sakatariya ce tsaye da wata ambulan da mabuɗi, ta kasa haɗa ido da ita.

Wasiƙar layi ɗaya ce. “Daga yau Litinin an cire ki daga aji shida.” Ga sa hannu, ga hatimi. Malama ta karanta sau uku tana neman wani abu a ƙarƙashi, ko ɗan warin nadama, ko wata kafa da za a bi. Babu. Abin da ta nema aka ba ta, jimla miƙaƙƙiya wadda ɗan aji uku zai ɗora wa yatsa. Ashe ya iya rubutu a fili, ganin dama ne bai yi ba.

Matashin ya fito yana murza hannu. “Mama, don Allah kada ki ga laifina, umarni aka ba ni.”

“Kada ka ce min Mama. Da ni na haife ka, da ka iya karatu.”

Ta karɓi mabuɗin, ta ɗauki kwalinta a hammata, ta yi taku goma zuwa ƙofar da ta shekara tara tana roƙo. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da mai gadi ya kawo mai ya ɗiga. Ciki warin tsohuwar takarda da kashin ɓera. Ta jawo benci mai ƙafa uku ta tokare shi da kwalin littattafai ta zauna, jakar darussa goma sha takwas a kan cinyarta.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci ta soma jiyo su ta bango. Muryarsa ta fara, sannan muryoyin yaranta suka amsa gaba ɗaya, irin amsawar da yara ke yi in an ba su abu mai sauƙi mai daɗin rerawa. “Kama kalma! Kwafe jimla! Kama kalma! Kwafe jimla!” Muryar Rediyo ta fi ta kowa tashi. Malama ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta taɓa ji a makarantar nan ba. Ta tashi ta soma tsinka igiyoyin kwalaye da hannu, tana fito da littattafai tana buga su a kan benci da ƙarfin da ya wuce na kakkaɓe ƙura.

Da aka fita tara, wata inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yar Taga ce, littafinta a rungume a ƙirji, idonta ya yi ja.

“Malama, don Allah ki yi haƙuri.”

“Haƙurin me?”

“Da ban yi tambayar nan ba, da ba a cire ki ba. Kowa a aji ya ce ni na jawo. Ba zan ƙara ba.”

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta fi wasiƙun biyu yi wa Malama ciwo. Zango biyu ta yi kafin hannun nan ya ɗago, ita da bakinta ta mayar da shi ƙasa cikin minti ɗaya. Shugaba ya ƙwace mata aji, amma wannan ɓarnar ba shi ya yi ta ba. Ta share benci da gefen hannu ta ce yarinyar ta zauna. Ta fito da wasiƙar farko ta shimfiɗa a gabanta.

“Kin ce ke kika jawo. Ina hujja?”

Yarinyar ta ɗago a tsorace, ta ga ba faɗa ba ne, darasi ne. Ta sunkuya kan takardar.

“Ta haɗa ce, ba ta da wuya. Yaushe kika yi tambayarki?”

“Juma'a.”

“Dubi saman takardar.”

Yatsan ya hau sama ya tsaya. “Laraba.” Ta ƙirga tana motsa baki. “An riga an gama tun kafin in tambaya.”

“Da kwana biyu. Ke ba ki jawo komai ba, karantawa kawai kika yi. Mu arba'in da biyu ne a ɗakin nan ranar Juma'a, har da mai shekara ashirin da uku tana koyarwa, ke kaɗai kika karanta wasiƙar nan. Na ji kunya ne na huce a kanki, kuma ban kyauta ba. Kawo littafin.”

Ta buɗe shafin ranar Juma'a. Tambayar na nan, amma an bi ta da biro an soke ta layi uku, har takardar ta huje a wuri guda. Malama ta laluba jaka ta fito da jan bironta. A gefen tambayar da aka soke ta zana tauraro, babba, wanda ya fi duk na shekarar, ta sa ranar Juma'a a ƙarƙashinsa.

“In ya ce ki kama kalma, ba zan ce ki yi masa gardama ba, malaminki ne. Amma ki karanta labarin tukuna, daga farko har ƙarshe, ko da a ɓoye ne. Kin ji ko?”

Yarinyar ta gyaɗa kai, idonta a kan tauraron. Aka buga ƙararrawa, ta rufe littafin a hankali kada jan ya shafi ɗaya shafin, ta fita da gudu.

Malama ta ɗauki kwalinta ta rataye shi a wata ƙusa da ta samu a bangon da ya raba ta da ajin. Ba a jima ba aka sake ɗauka daga can ɓangaren, kama kalma, kwafe jimla. Ta matsa jikin bangon ta kasa kunne, tana tsince muryoyin ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ji ta 'Yar Taga a ciki. Ba ta ji ba. Sai dai da ma yarinyar ba mai ɗaga murya ba ce, don haka Malama ba ta da hujja.